Bindigar Ciyaman da Kansila

Tun da ɓarayi suka mai da dajinmu gidan ubansu, duk ƙaton da ya sayar da buhun waken suya sai ya zo ƙofar gidana a Adabka, ya durƙusa, ya ce, "Baba Mamman, kai da kat tahi har ƙasar waje neman bindiga, wace iri ta dace da mai iyali?" Na gaji da amsa wa mutane ɗaya-ɗaya, ga haƙora sun yi ƙaranci. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, da ɗan bokon da na kwaso a aji uku kafin mahaifina ya tuna gona ta fi hedimasta bukatata. Wanda bai iya karatu ba ya nemi jikansa.

Ina da shanun huɗa biyu, Ciyaman da Kansila. Saboda cinsu na raɗa musu sunan, sai dai su in sun ci suna aiki. Tun suna maruƙa na hore su da hannuna, Ciyaman a dama, Kansila a hagu. In ka sauya musu wuri a karkiya, ko ka karya sanda a bayansu ba za su taka ba. Su ne gonata, su ne amalankena. In babu su, saura ni da garmar hannu da ciwon baya.

Shekarar da aka fara kora shanu da rana tsaka ta wajen Anka, mai ɗakina, Inna Kulu, ta ce a kai su Gummi wurin ƙanenta Alhaji Garba, mai noman shinkafa a fadama. Alhaji Garba mutum ne da ya taɓa aron tsanina, sai da na je na aro shi daga wurinsa. Na ce ba inda za su. Na ce bindiga zan saya.

"Kai?" in ji ta. "Kai da in za a yanka kaza sai an kirawo maƙwabci?"

"Kaza ba ta taɓa yi mani laihi ba."

Maƙeran wajenmu suna ƙera bindiga, amma na taɓa ganin babban yatsan wani maharbi a Bukkuyum, wato na ga wurin da yatsan yake a da. Ana haka sai ga taubashina Labbo, mutumin Abare. Tun da aka kankare ƙasar tsakar gidajensu saboda gubar dalma, aka hana niƙan dutsen zinari cikin gida, Labbo ya rasa sana'a sai ba da shawara. Ya ce a ƙetaren iyaka, Faranshi, akwai bindigogin da Turawa suka bari, kuma ya san wanda ya san wanda ke da su.

Ba zan ɓata takarda da labarin fita ba. Na sayar da dawar da ta rage a rumbu ɗaya, da bazara, muka kama hanya.

Birnin Ƙonni shi ne zangon farko da na san na bar gida. Hausarsu tamu ce, sallarsu tamu ce, amma da ka buɗa baki sai su ce "ɗan Najeriya," farashi ya tashi tsaye ya gaishe ka. Kuɗin da na ƙunso a ɗankwalin Inna Kulu kamar na mai arziki, da aka canza su sai suka rame, suka shige aljihun 'yar ciki ba tare da sun yi tudu ba. Burodinsu dogo ne, mai tauri kamar sandar makiyayi. Da ina da wayo a lokacin, shi zan saya in zo in tsare gida.

Abin da ba mu yi tunani ba tun daga gida shi ne yadda ake tambayar bindiga a garin mutane. Ba goro ba ce da za ka ce a nuna maka rumfa. Wanda Labbo ya sani, ashe ya mutu tun bara waccan. Labbo ya ce in bar masa. Muka zauna a teburin mai shayi, ya sunkuya zai yi raɗa. Raɗar Labbo kuwa, mutumin da ya yi shekaru kusa da injin niƙan dutse, ana jin ta daga masallaci.

"Mai shayi, ina aka sai da abin nan mai cewa ƙwam?"

Benci ya watse. Har wanda bai gama shan nasa ba ya bar kofi. Mutum ɗaya ya rage, siriri, da baƙin tabarau da kwat cikin wannan zafi. Ya matso, ya ce sunansa Isuhu, kuma ya yi soja. Daga baya na gane wanki ya yi wa soja.

"Baba, Allah ya so ku da kunka gamu da ni," in ji shi. "Da wani ne, da yanzu kuna hannun jandarma. Ku sa a ƙaro mani madara."

Daga wannan madarar Isuhu ya zama na ukunmu, ɗan da ba mu haifa ba. Kullum da hantsi zai zo shagon da muka sauka, ya ce mai kayan, wato mai bindigogin, ya je suna, ya je ta'aziyya, ya je duba raƙuminsa. Sannan ya tambayi abin da za mu ci. Ban taɓa ganin siririn mutum mai zurfin ciki irinsa ba. Na ce wa Labbo da na san haka da na zo da shi Adabka na ɗaura masa karkiya, na uku ga Ciyaman da Kansila.

"Kai dai yi haƙuri, bawana," in ji Labbo, don shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, kuma bai taɓa barin in manta ba. "Kayan Turawa ba a gaggawa da su."

Da Isuhu ya ga aljihunmu ya fara sauƙi, sai mai kayan ya dawo daga tafiya. Muka hau baburan kabu-kabu muka yi arewa, zuwa wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don akwai mutanen kirki a cikinsa, na ga guda ɗaya. Hanya yashi ce zalla. Babu ɗorawa, babu kaɗanya, sai aduwa da ƙaya. Duk sanda na waiwaya kudu sai in ga hadari ya yi baƙi ta wajen gida. Na riƙa tuna yadda Kansila ke lasar kanwa a tafina, da yadda Ciyaman ke juya mani baya in na makara da harawa. Na ce a raina yanzu haka maƙwabta na gyaran garma, ni ina bayan wani yaron mutane a kan babur ina cin yashi.

Mai kayan Turawan, da muka isa, maƙeri ne. Ga zugazugi, ga gawayi, ga lauje da fartanya a rataye, ga akuya ɗaure a bakin maƙera. Na dubi Labbo. Labbo ya dubi sama.

"Ajiya ce anka ba shi," in ji Isuhu. "Wa zai yi zaton kayan Faranshi a maƙera?"

Maƙerin, ƙato mai jajayen idanu, ya jawo wani buhu daga bayan ɗaki ya zazzage a tabarma. Akwai wata doguwa kamar gorar masunta ta tuƙa jirgi a Gummi. Akwai wata guntuwa. Akwai mai baki biyu, an shafe ta da baƙin fenti tana ƙyalli.

Nan aka fara karatu. Labbo, wanda bai taɓa harbin ko kurciya ba, ya ce doguwar ce, don ka sami ɓarawo tun yana garinsu. Isuhu ya ce a'a, mai iyali guntuwa yake saye, don doguwa kafin ka juya da ita cikin ɗaki ka kwashe kwanonin matarka. Labbo ya ce guntuwa ta 'yan daba ce, ba ta dace da dattijo ba. Isuhu ya ce mai baki biyu ta fi, in baki ɗaya ya ƙi, ɗayan ya yarda. Na ce in duka biyun suka ƙi fa? Ya ce sai in yi addu'a. Kowannensu yana magana kamar da bindiga aka yanke masa cibiya.

Na ce su yi mini shiru. Ni dai abu ɗaya na iya saye a duniya, shi ne sa, kuma ba a taɓa cutata a kara, kasuwar dabbobi, ba. Don haka na yi abin da na sani. Na ɗauki mai baki biyun na jinjina nauyinta. Na shafa bayanta. Na bubbuga ƙotar da ɗan yatsa na saurara. Sannan na juyo ta, na kafa ido cikin bakinta, don ba a sayen dabba ba a duba baki ba. Da na ɗago, maƙeri na bayan turmi, Isuhu na kwance rub-da-ciki, tabarau a gefe guda. Sojan kenan.

"Baba, don girman Allah!" in ji maƙeri. "Ba a leƙa ta!"

"Da abu ciki?"

"Ban tuna ba."

Na tambayi shekarunta. Aka ce ta ga yaƙi. Na tambayi abincinta. Aka ce albarushi da gutsattsarin ƙarfe, ba ta da tsada. Na tambaya ko tana da mugun hali. Maƙeri ya ce takan daki kafaɗar mai ita kaɗan, kamar gaisuwa. Isuhu ya nuna mini wani rubutu da ya fito ta ƙarƙashin fentin. Na karanta baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da bokona na aji uku, ba su ba da ma'ana ba ko da Hausa ko da Turanci. Na tabbata Faransanci ne.

Muka yi ciniki. Na sa kuɗin a hannun Isuhu, kamar yadda ake sa wa dillali a kara, na kafa sharaɗi: ba na sayen san huɗa sai an ɗaura masa karkiya na ga ya ja kunya guda. A harba ta a gabana.

Maƙeri ya ce an dafa ta, in aka harba ba da dalili ba maganin zai karye. Na ce to a maido mini kuɗina. Sai maganin ya yarda. Na ce shi ya harba. Ya ce kafaɗarsa na ciwo. Na ce Isuhu soja. Ya ce ya yi rantsuwa tun da ya bar aiki. A ƙarshe aka shirya za a ɗaure ta jikin aduwa, a sa igiya a kunamarta, a ja daga nesa.

Ana cikin ɗura mata abinci, ban lura ba Labbo ya hau wani tudu yana neman sabis. Sai na jiyo raɗar nan tasa.

"Awo! Mun saye! Mai baki biyu, ta Faranshi! Ka gaya ma mutanen Adabka, duk ɓarawon da ya isa shi zo gidan Mamman!"

Ashe wani mai cajin waya a Abare Labbo ya kira, mutumin da duk mahaƙan zinarin ƙasar nan ke zama a shagonsa. Na zage shi, amma zagi na jin daɗi. Ni kaina kafaɗata ta ɗan tashi.

Jama'a sun taru, don a ƙauyen nan babu abin kallo sai iska. Maƙeri ya warware igiya har bayan wata katanga, ya juyo, ya miƙo mini bakin igiyar da hannu biyu, cikin ladabi. Na karɓa.

"Na sallama," in ji shi da ƙarfi. "Allah shi amfana."

"Amin," na ce.

Bakina ne ya faɗa, ba ni ba. Tun ina saurayi, duk sanda aka miƙo mini igiya aka ce na sallama, amin nake cewa, dabba ta zama tawa, ko ta faɗi ta mutu a taku na biyu. Na ja igiyar.

Ban san yadda ƙarar tashin kiyama za ta kasance ba, amma na ji ƙanwarta. Da hayaƙi ya washe, aduwa ta rasa ɓawo, bakunan nan biyu sun buɗe kamar an tsaga rake, akuyar maƙeri na kwance tana shure-shure. Aka yi maza aka yanka ta. Iyakar abin da bindigata ta taɓa kashewa kenan, ita ma sai da wuƙa ta taimaka.

Na ce a ba ni kuɗina. Maƙeri ya juya ga jama'a.

"Ku shaidu na. Ya amshi igiya ko bai amsa ba?"

"Ya amsa."

"Na sallama, mi yac ce?"

"Amin yac ce."

"To, bindigatai ce ta hwashe, ba tawa ba. Kuma bindigatai ta kashe mani akuya mai ciki."

Da a kotu ne da na yi gardama. Amma wannan dokar kara ce, da ita na ci wasu, kuma ko a Gummi aka kai maganar haka za a yanke. Isuhu ya cire la'adarsa ya ce zai je ya kewaya. Har yau yana kewayawa. Sauran kuɗinmu da wayar Labbo suka tafi a diyyar akuya. An dafa ta a gabanmu, ko romo ba a ba mu ba. Maƙeri dai ya nuna adalci, ya kwance ƙotar bindigar ya miƙo mini, tun da tawa ce.

Mutumin kirkin da na ce na gani, wani manomin albasa ne, Malam Abdu, tsoho kamarmu. Shi kaɗai bai yi dariya ba, ko kuma ya jira sai da ya juya baya. Ya ce mu biyo shi. Ya sa aka dama mana fura, ya ba mu inuwa, ya ce in muna iya ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, in motar da ke kwasa ta zo zai sa a ɗauke mu zuwa iyaka. A garkarsa, inda yake ban ruwa, na ga bututun ƙarfe an jera daga rijiya. Na sunkuya na karanta rubutun jikinsa da bokona. Baƙaƙen nan ne na jikin bindigar, ba ragi. Faransanci ne kuwa, ban yi kuskure ba.

Mun daɗe a wurinsa. Tsofaffi biyu a zaune cikin warin albasa, idanu na zuba, kowa na cewa albasa ce. Labbo ya daina kirana bawansa. Wata rana iska mai sanyi ta taso daga kudu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na san an yi ruwan shuka a gida. Na ce a ara mana waya mu gaya musu babu bindiga. Sai muka tarar lambobin duk suna cikin wayar Labbo da akuya ta ci, kan Labbo kuwa ba ya riƙe komai sai shawara. Ranar da mota ta zo, Malam Abdu ya ƙulla mana ɗan buhun albasa, ya ce, "A kai ma iyali. Wagga aƙalla an san abin da taka yi."

Daga iyaka muka yi ta roƙon direbobi har Gummi. Muna gangarowa ta gefen fadama sai na hangi wasu shanu biyu a tsaye cikin laka, wani ɗan ƙwadago na zuba musu bulala, sun ƙi motsi. Na ce wa Labbo dubi wani jahili. Na ƙara dubawa. Na sa aka tsai da mota, na shiga laka da takalmina, na fizge bulalar, na kwance karkiya, na mai da Ciyaman dama, Kansila hagu. Ko tsawa ban yi ba suka taka. Kansila ya juyo yana lasar hannuna, duk da warin albasa.

Alhaji Garba na kan kunya da lema.

"Yaya Mamman, sannu da yaƙi. Ina makamin?"

"Wa ya ba ka shanuna?"

"Yaya Kulu. Washegarin da labarin bindigarka ya cika gari, ta sa anka koro su tun da asuba, ita da kanta tana biye a ƙasa." Ya naɗe lemar. Ban taɓa ganin fuskar Garba babu dariyar mugunta ba sai ran nan. "Tahi gida ka gan ta."

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na yi sallama, ba ta ɗago ba. Na sake yi. Sai da inuwata ta faɗa kan faifan ta dube ni, ta dubi ƙotar da ke hannuna, ta dubi albasa.

"Zagayo nan," ta ce, ta nuna damanta. "Wancan kunnen ba shi ji."

Ashe ɓarayin sun zo da hantsi, a kan babura, bayan an kai shanun. Ba su tambayi gidan mai kuɗi ba, gidan Mamman suka tambaya. Suka ce a fito da mai baki biyu ta Faranshi. Suka zazzage rumbu, suka farke katifa, suka leƙa har cikin randa. Ta ce musu mijinta ko kaza bai iya yankawa, su tambayi duk garin, in ya sayo bindiga to ita ma ta sayo jirgin sama. Wasu suka yi dariya. Ɗaya bai yi ba, yaron da ta girme wa uwarsa. Ya ga turaka biyu babu shanu, ya tambaya, ta ce ta sayar ta ci. Ya ɗauke ta da mari. Suka kwashe awaki da rediyona suka tafi.

"Da kana nan da ita," ta ce, "da yanzu ina takaba. Miƙo in gani."

Ta juya ƙotar, ta auna nauyinta, ta ce icen mai kyau ne.

Shanuna suna Gummi har yanzu. Sun yi ƙiba da ciyawar fadama, suna noma wa Alhaji Garba shinkafa, ni kuma ina zuwa ranar kasuwa da kanwa a aljihu, kamar mai ziyarar ɗan makaranta. Gonata da garmar hannu nake yin abin da na iya. Labbo ya koma Abare, na ji yanzu yana ba da shawara a kan maganin bindiga.

Don haka masu tambayata wace iri ta dace da mai iyali, doguwa ko guntuwa ko mai baki biyu, ku zo ku ga tawa, ba na hanawa. Tana madafa, Inna Kulu na dandaƙa daddawa da ita, kuma ba ta taɓa ƙin tashi ba. In kun shigo ku gaishe ta ta dama, ku ɗaga murya. Nan za ku same ni zaune. Ni ma yanzu ina da wurina kamar Ciyaman, kuma ba na sauyawa.